Buhun Gashin Tsaf

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tsaf kowa ke ce masa, domin duk sanda ya gama aski sai ya ja da baya kaɗan, ya karkata kai, ya dubi ƙeyar mutum ya ce, "Tsaf." Ko mai sanƙo ne ya zo a kankare masa ɗan abin da ya rage a bayan kunne, shi ma sai an ce masa tsaf kafin ya tashi.

Shagonsa yana kan titin tasha, a matse tsakanin shagon Tela da na wani tsoho mai gyaran rediyo. Ɗan ɗaki ne wanda in mutum uku suka zauna a benci na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun kafin a haifi autarsa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka, da tsintsiya a jingine a bayan ƙofa. Tsintsiyar nan ita ce ta fi kowa shan wahala a shagon. Kai ɗaya, shara ɗaya. Bai taɓa ɗora injin aski a kan mutum ba alhali gashin wani yana ƙasa.

Tun yana saurayi ya koyi sana'ar, da almakashi da reza, a hannun wani ubangida mai saurin hannu da saurin mari. Da kujerar nan ya yi aure. Da ita ya yi jinyar mahaifinsa har ya rufe shi, ya kai ƙanensa makaranta, ya ciyar da 'ya'ya huɗu. Kuma shi mutum ne da ba ya kai kuka wurin kowa. Ko da tun safe ƙuda kaɗai ya leƙo shagon, in ka ce masa, "Tsaf, ya kasuwa?" zai gyara wuyan farar rigarsa ya ce, "Sai godiya." Matarsa kan ce ko gida ke ci da wuta, in aka tambaye shi, cewa zai yi ana ɗan jin ɗumi.

Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya, wato wuta. A kawo ta da safe lokacin da babu kowa, a ɗauke daidai sanda benci ya cika. Yana da wani ɗan janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba, wanda ya fi son mutuwa a tsakiyar aski. Sau nawa mutum ya fita daga shagon da rabin kai, an kifa masa hula, ana ba shi haƙuri ya dawo da yamma? Abin da Tsaf ya samu a rana, fetur ya cinye rabi, mai gyaran janareta ya ɗauki rabin saura.

Ana cikin haka mutanen jami'a suka zo. Farfesa ne, dogo mai gilashi, da wata matashiya da ke riƙe masa ƙaramar kwamfuta, wadda nan take titin ya raɗa wa suna Malama. Aka tara masu shaguna a ƙarƙashin rumfar tasha. Farfesa ya yi bayani a tsanake. Ya ce suna bincike ne a kan abin da ke hana ƙananan sana'o'i girma a ƙasashe matalauta, kuma suna zargin rashin wuta. Ya ce wasu masu ba da tallafi sun ba su kayan sola, faranti da batir da wayoyinsu, amma ba za su isa kowa ba, don haka ƙuri'a za a yi. Za a riƙa zuwa ana tambayar waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, a ga ko akwai bambanci.

"Idan bincike ya nuna abin yana da amfani," in ji Farfesa, "masu tallafin za su raba wa kowa."

Wallahi haka ya faɗa, da "idan" ɗinsa a gaba, bai ɓoye ba. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana jan igiyar janareta, in aka ce masa za a raba wa kowa, ina zai ji wani "idan"?

Aka zuba murafan kwalba a bokiti, ja da shuɗi, aka rufe da tawul. Kowa ya sa hannu ya zaro. Tela ya zaro ja, ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Tsaf ya zaro shuɗi. Ya juya murfin a tafin hannunsa, ya yi murmushi, ya taya Tela murna, ya jefa murfin a aljihu. Zuciyarsa kuwa ta yi baƙi ƙirin.

Kafin sati ya zagayo an ɗora wa Tela faranti a kan rufi. Fankarsa ta fara juyawa tun safe har yamma, keken ɗinkinsa na lantarki yana ta gurnani ta cikin bango. Tsaf yana jin komai. A can yake kai wayarsa caji.

Bayan 'yan watanni Malama ta fara zagaye. Yarinya ce mai ladabi, Baba take ce masa, kuma ba ta zama sai an ce ta zauna. Tambayoyinta ba su canzawa. Kai nawa ya aske jiya? Shekaranjiya fa? Mutum nawa suka juya saboda babu wuta? A zuwan farko ya faɗa mata kusan gaskiya, ya ɗan ƙara kai biyu don kunya. Amma da ta tafi sai ya zauna a kujerar da ba ta juyawa ya shiga tunani, kuma tunanin nan shi ne ya kashe shi.

Me ya sa ake tambaya, in ba zaɓe ake yi ba? Wane mai hankali ne zai ɗauki kaya mai tsada ya kai shagon da babu kowa? Shi ma in zai ba wani aron injin aski, ai mai aiki zai ba, ba mai gyangyaɗi ba. Ya tabbatar wa kansa cewa ranar rabo, shagunan da suka nuna suna motsi su za a fara ba.

Ya tara 'yan shuɗi a shagonsa: tsoho mai gyaran rediyo, da mai wanki da guga, da wata bazawara mai sayar da ruwan sanyi, da wasu da dama daga ƙasan titi. Suna jin maganarsa, domin ba a taɓa kama shi da ƙarya ko rigima ba.

"Kada wanda ya yi musu kukan talauci," ya ce. "Mutanen nan masu ilimi ne, auna mu suke yi. In ka ce ba ka samun komai, za su ce to me za ka yi da sola? Ku nuna musu ko babu wuta ku ma'aikata ne."

"Amma Malama ta ce a faɗi gaskiya," in ji bazawarar. "Ta ce amsarmu ba ta ƙara wa mutum komai, ba ta rage masa."

"Me kike so ta ce? Ta gaya miki amsar jarrabawa?"

Aka yi dariya, aka watse da shawarar. Daga nan ta bazu har titunan baya, duk inda akwai mai murfi shuɗi.

Shi kuwa Tsaf bai tsaya a baki ba. Ya dubi daɓen shagonsa, fes kamar an lashe, ya ga cewa tsabtar da yake taƙama da ita shaida ce a kansa. Shagon askin da ba gashi a ƙasa, ai shagon da ba a shiga ne. Sai ya samo wani tsohon buhu ya rataye a bayan ƙofa kusa da tsintsiya. Duk gashin da ya share, maimakon bola, sai buhu. Ranar da aka ce an ga motar Malama a bakin titi, sai ya kwance buhun ya barbaza gashin a gindin kujera da ƙarƙashin benci, ya kira zauna-gari-banza biyu ko uku su cika bencin kamar masu jiran layi. Mutumin da ba ya iya ganin silin gashi ɗaya a ƙasa, ga shi yana tafiya cikin na mutum hamsin yana murmushi.

"Kai nawa jiya, Baba?"

"Ai ban ƙirga ba, Malama. Sa talatin."

"Talatin? Babu wuta fa jiya."

"Hannu yana nan."

Ta dube shi, ta dubi ƙasa, ta danna abin da ya faɗa.

Abin takaici, a ɗaya gefen bangon wani wasan ake yi. Tela ya samu aiki har ya sayi keke na biyu, amma da an ce ga Malama sai ya lulluɓe shi da zane ya ɗora tarkace a kai. Tsoron masu haraji yake, da 'yan uwa masu zuwa da buƙata, kuma yana ganin in ya ce batirin bai isa ba wataƙila a ƙaro masa babba. Sai ya langaɓe kai ya ce mata, "Wallahi Malama, jiya i yau." Yawancin 'yan ja haka suke yi. Da yamma shi da Tsaf su zauna a bakin shago suna tsokanar juna.

"Mai gonar gashi, yau buhu nawa ka shuka?"

"Kai dai je ka buɗe wa amaryarka fuska, ta sha zafi a ƙarƙashin zane."

Su yi ta dariya, kowa yana ganin ya fi gwamnati wayo.

Shekara ta biyu aka ɗauke tashar. Aka gina sabuwa a bayan gari, motoci suka koma can, da direbobi da 'yan kamasho da fasinjoji masu son a gyara musu fuska kafin tafiya. Titin ya mutu a tsaye. Masu abinci suka fara tashi, sai masu faci, sai mai shayi. Awaki suka gaji rumfar da aka yi ƙuri'a.

Ƙanen Tsaf, wanda ya kai makaranta, yana aiki a ofishin sabuwar tashar. Wata ranar hutu ya zo gida takanas. Suka zauna a tsakar gida, matar Tsaf tana wanke-wanke a gefe, kunnenta yana wurinsu.

"Yaya, na samar maka shago. Yana kallon inda ake lodi. Akwai babban janareta na tasha, kowane shago an ja masa waya. Amma sai ka shiga cikin watan nan, mutane sun yi layi a kansa."

Tsaf ya ce, "Malama ta ce wanda ya tashi daga shagonsa ya fita daga binciken."

"To ka fita mana. Wuta kake nema, ga wuta."

"Wutar haya. Kullum a zo karɓar kuɗin mai, ranar da injin ya lalace kowa ya zauna. Wannan kuwa tawa ce, daga sama, ba mai ɗauke mini. Na yi jira har na kusa, sai yanzu in tashi a ba wani?"

Matarsa ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ba mai yawan magana ba ce a gaban ƙanen miji, amma ranar ta yi.

"Baban yara, wa ya ce maka ka kusa? Takarda aka ba ka? Murfin kwalba fa aka ba ka. Yaran nan rabon su da nama tun yaushe? Ni na gaji da warin buhun nan a jikin rigarka."

"Ke ba ki san yadda ake hulɗa da masu ilimi ba."

"Ban sani ba. Amma na san tukunya."

Ƙanen ya yi magiya har ya gaji. Da zai tafi ya ce, "Yaya, kai ka yi mini komai. Ka bar ni in yi maka wannan ɗaya." Tsaf ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yi masa albarka, ya bar maganar. Aka ba wani yaro mai askin zamani shagon, kuma har yau in ka bi ta wurin sai ka ga benci cike.

Maimakon ya tashi, sai ya kira mai walda ya ƙera masa ƙarfen da za a ɗora faranti, irin na Tela sak, aka kafa a kan rufi. Ya ce kada ranar rabo ta zo a same shi bai shirya ba. Ƙarfen ya sha damina ya yi tsatsa, ya hau ya shafa masa fenti.

Daga nan abubuwa suka yi ta zamewa a hankali. Janareta ya yi tarinsa na ƙarshe, mai gyara ya ce sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Tsaf ya koma wa almakashi da reza kamar zamanin ubangidansa. Samari ba sa son askin almakashi, suka daina zuwa. Ya rage tsofaffin unguwa, masu zuwa sau ɗaya a wata su ce a rubuta. Matarsa ta fara karɓar wankau daga gidajen ma'aikata, hannuwanta suka tsattsage. Babbar 'yarsu, wadda ke son karatun jinya, ta koma taya ta. Farar rigar Tsaf ta fara yi masa yawa a wuya, amma kullum a goge take.

Buhun ma ya daina samun sabon gashi. Wanda ke ciki shi ake barbazawa, a share, a mayar, har ya yi ƙura ya dunƙule. A ciki akwai wani tsagin gashi da aka rina ruwan ɗorawa, na wani yaro ɗan ƙwallo da ya bar garin tun tuni. Duk zuwan Malama sai tsagin nan ya fito ya kwanta a gindin kujera.

"Kai nawa jiya, Baba?"

"Ashirin da biyar. Kasuwa ta ɗan ja baya."

Jiyan nan kai ɗaya ya aske, shi ma na jikan mai gyaran rediyo ne, kyauta.

Ran nan da hantsi aka ce ga motar Malama. An daɗe ba a gan ta ba, kuma an san lokacin binciken ya cika. Titin ya ɗauka. Tsaf ya barbaza gashinsa, ya leƙa rufi ya dubi ƙarfen. Bai samu masu cika benci ba, zauna-gari-banzan ma sun koma sabuwar tasha.

Ta shigo ita kaɗai, babu kwamfuta a hannunta. Ta gaishe shi, ta zauna a bakin benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"Baba, an gama. Na ce ba zan bari ku ji a bakin wani ba."

"Madalla. Yaushe za a kawo?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba za a kawo ba."

Ya ji maganar, amma ba ta shiga ba. Ya jawo tawul ya shiga goge hannun kujera.

Ta yi masa bayani da sauƙi, kamar yadda Farfesa ya yi a rumfa. An haɗa amsoshin 'yan ja wuri ɗaya, na 'yan shuɗi wuri ɗaya, aka gwada. Waɗanda suka samu sola ba su fi waɗanda ba su samu ba da komai. A wasu titunan ma marasa wutar sun fi samun ciniki. Don haka bincike ya nuna ba wuta ce ke riƙe ƙananan sana'o'i ba, masu tallafin kuma sun juya kuɗinsu zuwa wani abin. Ta ce sakamakon ya ba mutane mamaki ƙwarai, an buga shi, an gayyaci Farfesa ƙasashe ya yi jawabi a kai.

"Har shagonka yakan kawo misali," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Ba da suna ba. Mai askin da ba shi da wuta, amma yana aske kai talatin a rana."

Tsaf ya daina goge kujerar. Ta cikin bango keken Tela na biyu yana ta aiki, yau ba a lulluɓe shi ba.

"Malama," ya ce. "Da a ce mun gaya miki ba ma samun komai fa?"

Idonta yana kan tsagin gashin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ta sani kamar yadda ta san fuskarsa. Ta taɓa gaya wa Farfesa tana shakkar wasu amsoshin, ya ce kowane bincike yana da 'yan ƙarin gishiri, a cikin tarin amsoshi suke narkewa, ita dai ta rubuta abin da aka faɗa mata. Ba ta gaya wa Tsaf wannan ba, don ba zai amfane shi da komai ba.

"Da an ga bambanci, Baba," ta ce.

Ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce ya gaishe da Mama, ta fita. Ya ji tashin motar.

Baƙin ciki irin wanda bai taɓa sani ba ya danne masa ƙirji, ko ranar da ya rufe mahaifinsa bai ji haka ba, domin wancan Allah ne ya yi, wannan kuwa da hannunsa ya barbaza. Ya tuna shagon da ke kallon inda ake lodi. Ya tuna hannuwan matarsa. Ya ɗauko tsintsiya daga bayan ƙofa ya fara shara, a hankali, daga gindin madubi, yadda ya saba.

Inuwa ta rufe ƙofar. 'Yan shuɗi ne suka taru, waɗanda suka rage a titin. Mai wanki da guga, da bazawara mai ruwan sanyi wadda ta sayar da firjinta bara ta koma tulu, da tsoho mai gyaran rediyo a gaba, ya sa rigarsa mai kyau. Duk sun bi shawararsa, babu wanda ya taɓa yi wa Malama kuka ko sau ɗaya. Sun bari ne ta fara shiga wurinsa, tunda shi ne babbansu a wannan harka.

"Tsaf," in ji tsohon, yana murmushi da sauran haƙoransa. "Mun ga ta daɗe a wurinka. Yaushe ne?"

Tsaf bai ɗago ba. Ya tara gashin wuri ɗaya, ya kai hannu zai ɗauko buhun, sai ya fasa. Ya ce su ɗan matsa masa daga bakin ƙofa, zai fitar da shara.